Gadar hoto: abin da masu gyara a Katsina suka sani, Jamusawa suka rubuta

Makon jiya a wurin aikinmu nan Jamus aka dawo wa wani injiniya da facinsa, wato gyaran da ya yi wa manhajar Linux, saboda layi ɗaya tak. Ya ƙara wani suna a takardar ƙa'ida (mai bayyana wa Linux yadda na'ura take) ta wata gadar hoto, wato IC mai kai hoto zuwa sikirin, don direbansa, manhajar da ke sarrafa IC ɗin, ya tsallake wani mataki, mai dubawa ya ce takardar nan kayan da ke kan bod take bayyanawa, ba abin da direba ke so ba. Wajen shan kofi sai wani ya ce irin wannan tsantseni sai Turai, a Afirka kwafo fayil ake yi a liƙa. Maganar ta tsaya mini a rai.

Gaskiya tsarinsu abin yabo ne. Kowane tebur da tabarmar kashe tartsatsi, kowane bod da lambarsa a manne, kuma faci ba ya wucewa sai an gudanar da umarnin bincike na make dt_binding_check da make dtbs_check.

Gada ƙaramar IC ce tsakanin furosesa da sikirin, kamar SN65DSI83 ta Texas Instruments mai karɓar siginar hoto ta DSI daga furosesa ta fitar da siginar LVDS da sikirin ke ganewa. Linux ba ya gano ta da kansa, sai an faɗa masa a bishiyar na'urori, fayil ɗin da ke lissafa kayan da ke kan bod. Ana sa ta ƙarƙashin layin I2C da take kai (wayoyin da furosesa ke ba ta umarni ta kansu), compatible ya zama "ti,sn65dsi83", reg kuma 0x2c ko 0x2d gwargwadon yadda aka ɗaure ƙafar ADDR, sannan enable-gpios. Hoto yana shiga ta port@0, ya fita ta port@2, domin port@3 hanyar fita ta biyu ce a ƙanwarta SN65DSI84, port@1 kuwa hanyar shiga ta biyu ce da sai SN65DSI85 ke da ita. Kowane remote-endpoint, wato layin da ke nuna ɗaya bakin haɗin, dole abokinsa ya nuno shi. In aka karya ɓangare ɗaya, direban hoto zai yi ta jira, a tarar da sunansa a /sys/kernel/debug/devices_deferred. In data-lanes ta ce layi 4 alhali 2 aka ja a bod, IC za ta amsa lafiya lau a I2C, sikirin kuwa baƙi ƙirin.

Inda raina ya ɓaci shi ne data-mapping, wato taswirar yadda ake jera bit na launi a kan wayoyin LVDS. A vesa-24, manyan bit biyu na kowane launi ke bin tagwayen waya na huɗu, a jeida-24 kuwa ƙananan biyu ne. Aka musanya, hoto zai fito amma fuskar mutum ta yi dabbare-dabbare. To wane mai gyaran talabijin ne a Katsina bai san wannan ba? Yaron shago da ke ɗaura bod na gama-gari a kan sikirin ɗin tsohuwar laftof, kallo ɗaya zai yi wa launin ya shiga menun ma'aikata ya sauya taswirar LVDS. Kafin nan ya riga ya duba jamfar zaɓen wuta, ko volt 3.3 ko 5 ko 12, don ya san wutar 12 a kan sikirin mai 3.3 ƙonewa ce nan take. Babu osiloskop, babu takardar kamfani, sai mita da ido.

Na yarda muna da namu laifin. Abin da maigida ya gano yana zama a kansa, in yaro ya yi 'yanci ya tafi Daura ya buɗe nasa shagon, sai ya sake ganowa daga farko. Amma ban yarda rashin tsantseni ba ne. Injiniyan nan albashi ake biyansa ya zauna ya rubuta takardar ƙa'ida a tsarin YAML a ɗaki mai ɗumi, wuta ba ta ƙiftawa. Namu yana gyara ne mai kaya na tsaye a kansa, janareta na shan mai. Duba takardar ƙa'ida ba ya bukatar bod ko kaɗan, laftof mai Linux da kunshin manhajar dubawa na dtschema sun isa. Abin da babu shi ne awa uku na wuta a jere da wanda zai biya yaron kuɗin zaman, kuma mu da muke waje, masu tura kuɗin Sallah da na biki, ba mu taɓa sa wannan a lissafi ba.