Tanadin kwana goma da tanadin shekara guda

Maƙwabcina a nan Jamus dattijo ne da ya yi ritaya. Wata Asabar ya roƙe ni in taya shi saukar da katan-katan na ruwan sha zuwa ɗakin ajiyarsa da ke ƙarƙashin benenmu. Da ya kunna fitila sai na tsaya ina kallo. Kantoci ne tun daga ƙasa har sama, gwangwanayen abinci a jere, kowanne ya rubuta masa watan da zai lalace da baƙin alƙalami. Ga kyandirori, ga ƙaramin murhun gas, ga rediyon da ake murza shi da hannu, ga akwatin magani. A bayan ƙofa ya manna takarda, yana rubuta abin da ya shigo da abin da aka ci.

Ba shi ya ƙirƙiro wannan ba. Hukumar kare farar hula ta ƙasar ta daɗe tana ba kowane gida shawarar ya ajiye abincin kwana 10, da ruwa lita 2 ga kowane mutum a kullum. A watan Maris na 2025 Tarayyar Turai ma ta nemi jama'a su tanadi abin da zai riƙe su awa 72. Ba a jima ba, ranar 28 ga Afrilu, wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal, jiragen ƙasa suka tsaya cak, na'urorin biyan kuɗi da kati suka mutu. Dattijon ya yi sati yana tare ni a matakala yana cewa ai ya faɗa.

To amma ɗakin nan bai ishe shi ba. Burinsa ya sayar da abin da ya mallaka, ya bi sahun Jamusawan da suka ƙaura Paraguay lokacin annobar korona, ya sayi fili mai faɗi, ya haƙa rijiya, ya kafa sola, ya zuba kaji, daga nan ba ruwansa da kowa. Ya ce da ni, "Kai ai daga irin ƙasashen nan ka fito, ka san yadda ake yi." Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ni ma da irin wannan gonar a kaina nake kwana. Kusan duk wanda na sani cikinmu mazauna waje yana da tasa: in abubuwa suka taɓarɓare, sai in tattara in koma in yi noma.

Abin da na lura da shi shi ne, tanadin da ke ɗakin dattijon nan na jira ne. Yana jiran hukuma ta dawo da wuta, motocin kaya su dawo kan hanya, banki ya buɗe. Kwana goman ya ishe shi saboda ya tabbata akwai mai zuwa. A ƙasa mai tasowa kuwa, sau da yawa babu mai zuwa, kuma wahalar ba ta aiko da saƙo, tuni tana zaune a gidan. Can lissafin daga kaka ne zuwa kaka. Wanda ya ɗauki tunanin kwana goma ya kai shi inda ake lissafin shekara, zai sha mamaki.

A ɗauki alƙalami a gani. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa wa mutum kalori 2,100 a rana. In hatsi ne ginshiƙin abincinsa, hakan ya haura kilo 200 a shekara. Gida mai mutum shida ke nan yana buƙatar fiye da tan guda, ba a sa irin shuka ba, ba a sa mai da gishiri da abin miya ba, ba a cire rabon ƙwari da ɓeraye ba. Ruwa kuma, mafi ƙarancin da ake ba mutum a sansanin gudun hijira don sha da girki da tsafta lita 15 ne a rana, wato lita 90 ga wannan gida. Tara ruwan sama yana da daɗin lissafi: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 80 a wurin da ake samun milimita 700 zai zubo lita 56,000. Sai dai in damina 'yan watanni ce, rani kuma ya kai kwana 200, sai ka mallaki tankin da zai ɗauki lita 18,000 kafin wannan lissafi ya zama ruwan sha. Dabbobi da lambu ba su shigo ba tukuna.

Nomawa ma ita ce mai sauƙin. Ajiyewa ita ce aikin. Hatsin da bai bushe ba yana yin fumfuna, wata fumfunar kuma tana haifar da gubar da ake kira aflatoksin, wadda ba a ganinta, dahuwa kuma ba ta kashe ta. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya, kuma da yawa daga cikinta a gida aka noma, a gida aka ajiye. Akwai dabarar gwaji mai arha: a zuba hatsin a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a girgiza, a bari ya ɗan zauna, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin rana. Akwai kuma buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar su mutu, ba a zuba magani ba. Ni a ganina wanda ya iya waɗannan biyu ya fi wanda ya sayi hekta goma shiri.

Ƙasashen da suka gwada dogaro da kai ala tilas sun bar mana abin dubawa. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, Kuba ta wayi gari cikin matsanancin ƙarancin man fetur da takin zamani. Aka koma huɗa da shanu, aka mayar da kangwayen filaye a Havana lambuna, kuma lambunan sun taimaka. Amma kafin a kai nan an sha yunwa, mutane sun rame, dubbai sun kamu da ciwon jijiyoyin ido saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Siri Lanka kuwa a Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, wai kowa ya koma takin gargajiya. Amfanin shinkafa ya faɗi, aka janye dokar kafin shekarar ta ƙare, amma ɓarnar ta riga ta auku. Zuwa tsakiyar 2022 har hutun Juma'a aka ba ma'aikatan gwamnati don su je su noma abin da za su ci, a watan Yuli shugaban ya tsere daga ƙasar. Ƙasar noma ba ta san gaggawa ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake cewa sai abin ya ɓaci zai koma gona, daminarsa ta farko koyo ce, ta biyu ma haka.

Ga kuma abin da gona ba ta fitarwa. Ba ta fitar da insulin, allurar masu ciwon sukari, ba ta fitar da firijin da za a ajiye shi, ba ta yi wa mai naƙuda tiyata da tsakar dare. Saboda haka kuɗi ba ya fita daga lissafi, kuɗin kuma yana iya narkewa: a Labanan tun daga 2019 bankuna suka riƙe wa mutane dalolinsu, kuɗin ƙasar ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarsa. Masanin tattalin arzikin nan Amartya Sen, da ya yi nazarin yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943, ya nuna cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci na nan, ikon sayensa ne ya kuɓuce musu. Shi ya sa nake ganin sana'ar hannun da maƙwabta ke nema kullum, gyaran famfo, walda, ɗinki, duba dabbobi, ta fi ajiyar banki juriya.

Ni ma na ɗanɗana kuɗata. Shekarun baya na tura kuɗi gida aka haƙa mini rijiyar burtsatse a wani fili, aka sa mata famfo mai aiki da sola. Na yi ta nuna wa abokaina bidiyon ruwa yana ɓulɓulowa. Bayan damina guda akwatin da ke sarrafa famfon ya ƙone, wanda ya haɗa mana ya daina ɗaukar waya, duk masu gyaran da aka kira suka duba suka girgiza kai. Wata biyar rijiyar tana zaune, shukokin da aka dasa suka bushe, mai gadin filin kuma yana zuwa ɗibar ruwa a rijiyar maƙwabta da guga da igiya. Da na kira kawuna ina ƙorafi, sai ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka sayo mana abin da sai an buga waya ƙasar waje kafin a sha ruwa." Na ce, "Haka ne, Kawu." Me zan ce?

Ba sola nake zagi ba. A 2024 kaɗai Pakistan ta shigo da faifan sola da ƙarfin wutarsu ya kai kusan gigawat 17, yawanci gidaje da manoma da masana'antu ne suka saya da kuɗinsu don sun gaji da tsadar wuta. Abin da na koya shi ne a tambayi wa zai gyara, kuma kayan gyaran a ina suke, kafin a tambayi ƙarfin na'ura.

Inda na fi saɓa wa maƙwabcina shi ne maganar "ba ruwana da kowa". Rumbun da ya cika a tsakiyar mutanen da ba su ci ba, katanga ba ta tsare shi. Baƙon da ya sayi fili bai san yaren wurin ba, bai san wa ke da tsohuwar da'awa a kan filin ba, bai taɓa zuwa jana'izar kowa ba, ranar da rigima ta tashi takardarsa kaɗai zai riƙe, takardar ma wani lokaci mutum biyu aka ba. Dubi Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023: abin da ya riƙe unguwanni da yawa a Khartoum ɗakunan girki ne na haɗin gwiwa, matasan unguwa suna dafawa a manyan tukwane, 'yan ƙasar da ke waje suna turo kuɗi ta waya. Ko a nan Jamus, da ambaliya ta afka wa kwarin Ahr a Yulin 2021 ta kashe fiye da mutum 130, manoma ne suka shigo da taraktocinsu suna kwashe laka, tare da dubban 'yan sa-kai. Ɗakunan ajiyar ƙarƙashin ƙasa kuwa su ruwan ya fara cikawa.

Duk da haka akwai abin da nake kishin dattijon nan a kai, wato takardar nan ta bayan ƙofa. Mu mun iya maneji, mun iya gyara abin da Bature zai jefar, wuta ta ɗauke ba ma ko ɗaga kai. Amma ba ma rubutawa. Tambayi mutum buhu nawa gidansa ke ci a shekara, ko wane wata rijiyarsa ke ja baya, sai ya ce Allah dai ya rufa asiri. Amin, amma rubutun ma ba laifi ba ne.

Dattijon bai sayar da komai ba har yanzu. Na ba shi shawara in zai tafi ya kama haya tukuna, ya ga damina da rani da idonsa, ya koyi harsunan Paraguay, wato Sifaniyanci da ɗan Guarani. A yanzu dai ya samu ɗan lambun haya a bayan gari, kuma dodon koɗi ya cinye masa rabin abin da ya shuka bana. Ni kuma na sa an cire famfon solar an kafa na tuƙa-tuƙa, irin wanda kowane mai gyara ya san cikinsa. Kawu ne ya ce a ja shingen baya a bar famfon a waje. Gidaje bakwai ke ɗiba yanzu, kuma da robarsa ta cinye a watan jiya, sai bayan sun gyara na ji labari.