Rigakafin korona da ake cewa "cikin dare ɗaya" aka haɗa shi

Har yau ina jin mutane na cewa wai yaya aka yi rigakafin korona ya fito cikin shekara guda, dole akwai lauje cikin naɗi. To jama'a ba aikin shekara guda ba ne, ku bar ni in faɗa maku.

Wasu daga cikin alluran rigakafin nan da wani sinadari mai suna RNA aka yi su. Irin RNA ɗin da ake amfani da shi dai, wato mRNA, saƙo ne da ke gaya wa ƙwayar halitta irin furotin ɗin da za ta haɗa, harufa huɗu ne kacal a cikinsa, A, C, G da U. Matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce in ka haɗa shi a ɗakin gwaji ka zuba wa ƙwayoyin garkuwar jiki sai su ɗauke shi a matsayin bairos, kumburi ya tashi, aikin ya lalace. Katalin Karikó, 'yar ƙasar Hungary ce, ta nace wa abin nan a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka har aka rage mata matsayi a 1995 saboda ba ta samo kuɗin bincike. Ita da abokin aikinta Drew Weissman suka lura da wani abu, wani nau'in RNA mai suna tRNA da suka sa a gwajin don kwatance kawai shi bai tayar da hankalin garkuwa ba, kuma shi tRNA cike yake da harufan da jiki ya riga ya ɗan canza wa siffa. Sai suka ce to bari mu cire U mu sa pseudouridine a gurbinsa, wato U ɗin da aka ɗan canza wa siffa, sinadarin da tun shekarun 1950 aka san da shi. Kumburin ya kwanta. A 2005 suka buga sakamakon, kusan ba wanda ya kula, daga baya ma suka nuna furotin ɗin da ake samu ya fi yawa.

Wani ɗan'uwan sinadarin nan ne ke cikin rigakafin korona na kamfanin Moderna da na Pfizer-BioNTech. Kamfanin CureVac na Jamus da bai canza harafin ba, ingancin nasa rigakafin ya tsaya wajen kashi 48 cikin ɗari a 2021, ya janye.

Ni abin da ke min ciwo shi ne masu raba kuɗin bincike, nan da can duk halinsu ɗaya, kullum tambayarsu wace riba za a samu bana. Da wannan ma'aunin ai da tuni matar nan ta tattara kayanta. Sai 2023 aka ba su Nobel ita da Weissman, shekara 18 bayan takardar, lokacin da kowa ke rububin ɗaukar hoto da ita.