Laifi na iyaye ne, me kaka ta yi?

A Amurka, ranar da alƙali ya raba yaro da iyayensa har abada, ba su kaɗai ya sallama ba. Kaka da gwaggo da kawu duk ta iyayen nan suka haɗa jini da shi, don haka a yawancin jihohi, da zarar wasu sun ɗauke shi ya zama ɗansu a doka, dangi sun koma bare. Ganin jika sai yadda sababbin iyayen suka ga dama.

Dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1997 ce ta ƙara wa abin sauri. Idan yaro ya yi wata 15 cikin 22 a hannun masu riƙo na hukuma, jiha za ta nemi kotu ta yanke alaƙar. An yi ta ne don kada yaro ya girma yana yawo daga wannan gida zuwa wancan, kuma ban ga laifin wannan ba. Uban da ya azabtar da ɗansa shi ya jawo wa kansa. To tsohuwar da ta goya yaron fa?

A Ingila abin da aka saba bar wa dangi shi ne wasiƙa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Kaka ta zauna ta rubuta, ta miƙa wa ofis, ma'aikaci ya karanta kafin ya tura, ba adireshi, ba lambar waya. A wasiƙa ake zumunci da ɗan shekara huɗu?

Na san akwai dangin da suka ga ana cutar da yaro suka kawar da kai. Irin waɗannan a rufe musu ƙofa. Amma aikin kotu ne ta tantance su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi musu kuɗin goro ba. A fiƙihun Malikiyya da muka sani, idan uwa ta rasa haƙƙin reno, mahaifiyarta ake fara nema.

Ita ma dokar Amurka ta bar 'yar kafa, sai dai ba ta jira. Tun 2008 wajibi ne hukuma ta sanar da dangi cikin kwana 30 da ɗauke yaro, kuma idan ɗan uwa ne ke riƙonsa ana iya ɗage ƙa'idar wata 15 ɗin. A nan nake jiye wa mutanenmu mazauna can, masu ɓoye irin wannan takarda don gudun abin kunya, har sai an zauna kotu babu kowa daga dangi.