Ƙaramin kulob ba ɓata lokaci ba ne

Jiya da yamma a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura na sake jin maganar da ta daɗe tana damuna: wai kulob ɗin ƙwallon ƙafa da ba ya biyan albashi taron 'yan zaman kashe wando ne kawai. Masu faɗin haka suna da hujjarsu. Sun ga samari suna atisaye cikin ƙura, takalmi ya yage, kociya na bin gida-gida neman kuɗin mota.

Sai dai ƙwallon Nijeriya hawa-hawa ce. Gasar NPFL ce a sama, gasar NNL na biye da ita, sannan gasar NLO, inda ƙananan kulob ke fafatawa. Wanda ya yi nasara ya hau, wanda ya gaza ya sauko. Ita kanta Katsina United da muke cika filin Muhammadu Dikko dominta, da sunan Spotlights aka san ta kafin 2016, kuma daga NNL ta hauro.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne rajista. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A ce an saye shi dala miliyan 1, to dala 50,000 rabonsu ne. Amma fa sai in an yi wa yaron rajista da sunan kulob ɗin a hukumar ƙwallon ƙafa, kuma nan ne yawancin namu ke sakaci.