Littafin Hausa ya koma waya, amma wa zai adana shi?

Wanda ya taso a shekarun 1990 ya san yadda ake karanta littafin soyayya. Ka je wurin mai haya, ka ɗauko na ɗaya, ka raba dare a gaban fitilar ƙwai, gari na wayewa ka koma neman na biyu a ce maka wata ta riga ka. Zumuɗin nan bai mutu ba, WhatsApp ya koma. Marubuciya za ta saki shafuka goma kyauta, daidai inda labari ya ɗauki zafi sai ta tsaya cak: mai son ci gaba ya turo kuɗi ta banki ko katin waya, a saka shi a guruf.

Masu kukan mutuwar takarda sun manta wuyar da marubuta suka sha. Kai za ka nemo kuɗin ɗab'i, ka kai wa 'yan kasuwa bashi, sannan ka yi ta sintiri takalmi na ƙarewa kafin ka ga naka. Ga kuma hukuma a gefe. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Yau matar aure tana ɗakinta a Gusau ko Maraɗi tana sayar wa mai karatu a Jidda, babu dillali a tsakani. Ba na jin akwai marubuciyar da za ta so komawa gidan jiya.

Sai dai dillali bai tafi shi kaɗai ba, har da mai duba rubutu. Abin da aka rubuta da rana shi ake saki da dare, ƙa'idar rubutu ko oho. 'Yan guruf kuma sun zama iyayen gida: kar ki kashe wane, lallai wance ta auri wane. Labarin da ya isa ƙarewa a shafi na arba'in sai a ja shi kamar danƙo. Ɓarayin fasaha ba a magana, wani ma karantawa zai yi a YouTube ya kwashe kuɗin talla.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne adanawa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933, har gobe ana samunsa a ɗakunan karatu. Manhajar OkadaBooks kuwa, da aka kafa a 2013 marubuta da dama suka zuba ayyukansu a ciki, ta rufe a ƙarshen 2023. Jami'o'inmu masu sashen Hausa, irin su Bayero da Ahmadu Bello, su ya kamata su fara tattara waɗannan rubuce-rubuce da izinin masu su.

Kwanaki na nemi wani labari da na biya na karanta shekara uku da suka wuce. An rushe guruf ɗin, wayar da na ajiye shi a ciki ta faɗa ruwa, lambar marubuciyar kuma ba ta shiga.