Fankar da Ta Rikiɗe Ta Zama Jita a Kasuwar Gwanjon Jidda

Ranar wata Juma'a bayan sallar La'asar na shiga kasuwar gwanjon Sawarik da ke kudancin Jidda da niyyar sayen fankar tsaye, domin tamu ta falo ta daina juya kai, ta kafe wuri guda tana yi wa bango fifita. Uwargida ta ƙirga mini riyal 150 daga kuɗin cefane, ta haɗa ni da ɗan yayata wai ya taya ni ɗauka, ko da yake daga baya na gane cewa gadina aka sa shi. A ɗaya aljihun kuwa akwai riyal 800 na adashen da na kwasa a makon, wanda ban ga dalilin sanar da kowa ba tukuna.

Ba mu kai layin masu fanka ba na hango ta, a jingine tsakanin wata matacciyar injin wanki da tulin tsofaffin darduma. Jitar lantarki ce mai ƙaho biyu, gefenta baƙi yana sajewa zuwa ruwan zuma a tsakiya, da maɗaukan sauti uku a jere a ƙarƙashin tsirkiya, da maɗaura shida duk a gefe ɗaya na kanta. A kan nan, ƙarƙashin ƙura, an rubuta Fender. Sai na ji gwiwoyina sun yi sanyi.

Ya kamata in bayyana dalilin wannan sanyin gwiwa. Da ƙuruciya a Fagge na koyi riƙo uku ko huɗu a wata jitar katako ta aro, kuma ilimina na kiɗa bai ƙaru daga nan ba. Amma ni direba ne, aikin direba kuwa rabinsa jira ne, don haka na shafe shekara biyu ina karanta tarihin tsofaffin jita a waya a ƙofar gidajen da maigidana yake ziyarta. Na san cewa Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba, abin da ya daɗe yana kwantar mini da hankali. Na san ya fito da samfurin Stratocaster a 1954, ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin watsa labarai na CBS a 1965, kuma waɗanda aka ƙera kafin cinikin nan su ne masu tarawa suke zuba wa dubban daloli. Na san launi biyu aka fara yi, sai a 1958 aka ƙara ja ya zama uku, ga shi kuma ta gabana launi biyu gare ta. Na kuma san cewa a 2019 an yi gwanjon wata baƙar Stratocaster ta makaɗin Ingila David Gilmour a kan kusan dala miliyan 4. Da yake kowace dala riyal 3.75 ce, kafin in ƙarasa taku goma zuwa rumfar na riga na gina bene a Kano, na biya wa surukata Umara, na kuma ɗauki direba.

Tambayar yadda irin wannan dukiya za ta zo ta kwanta kusa da injin wanki ba ta ba ni wahala ba. Tun da aka tono mai a Dammam a 1938 Amurkawa suke zuwa ƙasar nan da iyalansu da kayansu, kuma ba mamaki wani ya koma gida ya bar jitarsa. Cewa Dammam tana can gabas, fiye da kilomita 1,000 daga inda nake tsaye, bai dame ni ba, tunda tuƙi sana'ata ce, na san kaya suna tafiya.

Mai rumfar wani dattijo ne da farar jallabiya da hirami a kafaɗa, yana jan carbi. Na ɗaure fuska irin ta wanda ba ya so, na taɓa injin wankin, na ɗaga darduma, sannan na nuna jitar da ƙafa na tambayi kuɗinta da Larabci. Ya ce riyal 200, har da ƙaramin akwatin ƙara sautin da ke gefenta. Farin ciki ya rufe ni har na manta a wace kasuwa nake, na juya wurin ɗan yayata na ce masa da Hausa, ba ma da raɗa ba, “Kai, yi shiru, tsuntsu daga sama gasasshe. Tsohon nan bai san abin da yake sayarwa ba.”

Dattijon ya ajiye carbi a hankali, ya gyara zama, ya ce da Hausar Katsina tsantsa, “To, ɗana, tunda kai ka sani, sai ka sanar da ni, Allah ya ba ka ladan koyarwa.”

Wanda duk ya zauna a Jidda ko Makka ya san cewa a cikin 'yan gwanjo babu wuya ka tarar da Bahaushen da kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa, ni ma na sani, kwaɗayi ne ya toshe mini ƙwaƙwalwa. Na yi ta kame-kame ina cewa, “Baba, wasa nake yi wa yaro,” shi kuwa ya ce shi ma da wasa ya faɗi 200. Ina ba da shaida a kansa cewa bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce bai san daga ina ta fito ba, bai san shekarunta ba, bai taɓa jin kukanta ba, abin da ya sani kawai shi ne fuskata ta riyal 1,000 ce. Muka daidaita a 950, wato adashe da fanka gaba ɗaya.

A gida uwargida ta dubi jitar, ta dube ni, ta tambaya ta wane gefe iska take fitowa. Na zaunar da ita na yi mata bayanin CBS da 1965. Na gargaɗe ta musamman kada kowa ya goge ta, domin a wurin masu tarawa tsagewar fenti da dattin hannu da tsatsa duk kuɗi ne, wanda ya sake wa tsohuwar jita fenti ya zubar da babban kaso na darajarta. Ta ce, “Malam, in datti kuɗi ne, ai da motarka ta sa mun yi arziki tuntuni.”

Bayan Isha na ɗauko akwatin sautin. Gidan da muke haya tsohon gini ne, irin waɗanda ake samun wutar 127 da ta 220 a ɗaki ɗaya, kuma soket ɗin ba su da wata alamar da ta bambanta su. A bayan akwatin an rubuta 117 da ƙananan haruffa, na kuwa karanta su sarai washegari da safe. A daren dai na cusa filogi a soket ɗin na'urar sanyaya ɗaki. Kwalaben gilashin da ke ciki suka yi wani haske mai kyau wanda na ɗauka na maraba ne, sai ƙara tas, sai hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, sai wutar gidan ta ɗauke. A watan Agusta ne, lokacin da iskar Bahar Maliya take manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen bargo. Kawuna da ke kwana a ɗakin baƙi ya fito da tocila yana salati, da ya ji bayani sai ya ce, “Yaro, Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, bai taɓa kashe wa kowa wuta ba. Kai da shida ko falo ba ka fita ba.”

Mai gyara ya karɓi riyal 300 ya sauya tiransifoma, ya haɗa ni da na'urar rage wuta. Da na sake kunnawa, tun ban taɓa tsirkiya ba sai wani gunji ya cika ɗakin kamar an tara ƙudan zuma a tulu. Wannan kam na san shi daga karatu, har na yi murna. Maɗaukin sauti ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ya haifar da 'yar wuta, amma mai naɗi ɗaya yana kwaso har da kaɗawar wutar gida, wadda a Saudiyya sau 60 take yi a daƙiƙa. Na sanar da mutanen gida cewa gunjin nan shaidar asali ne. Kawu ya ce shi ma cikinsa yana irin wannan gunjin, kuma shi ma ɗan asali ne.

Asirin ya tonu ne ranar wata Talata ina wurin aiki. Uwargida ta gaji da ganin abin da ta kira ƙazanta a rataye a falonta, ta yanka lemon tsami ta dirje farantin ƙarfen nan mai kusoshi huɗu da ke haɗa wuyan jita da gangar jikinta. A nan Fender na wancan zamani yake buga lambar kowace jita, ni kuwa tsoron taɓa tsatsa ya hana ni dubawa. Da na dawo ta miƙo mini ita tana sheƙi, ta ce, “Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma Japan a cikin Kalifoniya take?”

Ban sallama nan take ba, domin tun 1982 ana ƙera Fender na gaskiya a Japan, don haka na rage benen ya koma gida mai ɗaki uku. Na kai ta wurin wani mai gyaran kayan kiɗa, ya kwance murfin baya ya nuna mini katakon, falle-falle a manne kamar na bayan kabad, alhali na asali da tsayayyen katako ake yi. Ya sa farce a gefen sunan da ke kanta, sai sunan ya ɗago, ashe takardar manne ce. Ya ce irin jitocin nan ne masu araha da masana'antun Japan suka yi ta fitarwa a shekarun 1960 don yara masu koyo, wani daga baya ya yi mata ado da sunan da ba nata ba. Ashe duk kwanakin nan kallon kitse nake yi wa rogo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da ya sa mata sababbin tsirkiyoyi, ya ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta wanda laimar Jidda ta lanƙwasa, ya kaɗa ta a gabana, muryarta daɗi gare ta. Siririya ce mai kaifi da ɗan amo a hanci, tsakanin gurmi da goge, irin wadda ake ji a kiɗan jitar mutanen Agadas. Yanzu kullum bayan na ajiye mota nakan rage sauti in maimaita riƙona huɗu, har Kawu ya fara kaɗa ƙafa, ko da yake ya ce sauro yake kora.

Da albashi ya shigo uwargida ta sake ƙirga mini riyal 150, wannan karon ta laluba ɗaya aljihun da kanta. Na bi ta bayan layi don kada in haɗu da dattijon, amma sai na ji murya daga rumfa tana cewa, “Ɗana, ba gaisuwa? Yau me za ka koya mini?” Na gaishe shi na ce fanka kawai nake nema. Ya miƙa hannu bayan injin wankin ya jawo wata mai fiffike biyu da rabi, ya hure mata ƙura, ya ce kada in yi garaje, in duba ta da kyau, domin shi dai bai san tarihinta ba.