A kan maganar "zanin gadon asibiti"

Har yanzu raina bai huce ba a kan maganar da matar nan ta yaɓa mana ranar jeren 'yar yayata. Masu kirana a waya suna cewa in bar zancen ya wuce, ku yi haƙuri, ba zan bari ba. Mace ta shigo ɗakin yarinya, ta kama bakin zanin gado da yatsu biyu, ta taɓe baki a gaban mutane ta ce, "Wannan ai na asibiti ne." Laifinsa kawai fari ne mai ɗan ratsin shuɗi, ba ya walƙiya, ba a yi masa tattara ba. Ni na zaɓo shi da hannuna, auduga ce zalla, kuma da gobe za a sake jeren, shi zan sake sayowa.

Zanin gado na wanda zai kwanta ne. 'Yan ganin ɗaki minti nawa za su yi a ciki? Su sha lemo, su ɗauki hoto, kowa ta kama hanyar gidanta. Amarya da mijinta su ne za su ɗora fatar jikinsu a kai kowane daren Allah, da bazara da damina da hunturu. To a kan me za mu zaɓa wa idon baƙi, mu bar jikin masu gida da wahala?

Wannan mai sheƙin da kowa ke rububi a kai, mai sulɓi, mai zanen manyan furanni, yawancinsa foliyesta ne, wato roba. Daga sinadaran man fetur ake yin zarensa, dangi ɗaya ne da robar ruwan da muke sha mu yar. Kusan ba ya tsotsar ruwa ko kaɗan, alhali zaren auduga yana shanye gumi ya sake shi a iska. Ku tuna garin da muke. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, balle Sakkwato da Maiduguri. Ƙarfe biyun dare a ɗauke wuta, fanka ta tsaya, bango yana amayar da zafin da ya sha tun rana. Mai kwance a kan roba kamar an naɗe shi a leda ne. Gumi ya kwanta masa a baya da wuya, ya juya dama ya juya hagu, gari ya waye yana ƙaiƙayi, yara kuwa ƙurajen zafi su feso musu a wuya da hammata. Sai a ɗora wa sauro laifi, a ɗora wa sabulu, babu mai waiwayar shimfiɗa. Da hunturu kuma ki ja shi cikin duhu ki ga yana tartsatsi, gashin jiki yana miƙewa. Jiki magayi.

Wai auduga tana yamutsewa. E, tana yamutsewa, sai me? A kakkaɓe ta da kyau kafin a shanya, a kwashe da sauran ɗan danshi a ninke, ko guga ba ta nema. Wai fari yana saurin datti. Ai dattin yana nan a jikin mai duhun ma, ɓoye shi kawai yake yi, shi ya sa ake wata guda ba a cire ba. Gara wanda zai nuna miki lokacin wanki ya yi. Kuma wa ya ce dole sai fari? Akwai auduga ruwan toka, akwai ruwan ƙasa, akwai mai ratsi, akwai mai ƙananan furanni. Ban hana kowa launi ba, zaren nake magana a kai.

Masu cewa ai ɗakinsu da na'urar sanyaya ɗaki, Allah ya ƙara arziki. Amma ba da ku kaɗai ake aure a ƙasar nan ba, kuma ku ɗin ma akwai daren da man janareta ke ƙarewa.

Maganar tsada ce kawai nake saurara, don gaskiya ce, auduga mai kyau ta fi roba kuɗi nesa ba kusa ba. Amma ku duba akwatin amarya ku gani. Sai a tara mata zannuwan gado goma sha, duk masu ƙyalli, don a ce an yi. Wanki kaɗan sai su fara gashi-gashi suna dunƙulewa, furen ya koɗe, ɗinkin baki ya warware. Araha ba ta ado, tun kakanni aka faɗa. Kuɗin goman nan ku haɗa ku sayi uku na auduga: ɗaya a gado, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Ita auduga ƙara laushi take yi da wanki. In kuma aljihun bai kai ba, a je Kantin Kwari a yanki yadin auduga mai faɗi a kai wa tela ya dinke baki, ya fitar da rigunan filo daga ragowar. Ko a shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, ana samun auduga ta gaske a can, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana sosai. Babu abin kunya a ciki.

Yanzu sai yadda za ki gane ta, don 'yan kasuwa da yawa su kansu abin da aka rubuta a jikin leda suke maimaitawa. Kada ki tsaya a rubutu. Ki ce a buɗe miki. Ki ɗora bayan hannunki a kai, auduga za ki ji ta da ɗan sanyi, ba ta zamewa. Ki damƙe gefe ɗaya a tafin hannu ki saki, in ya koma sumul kamar ba a taɓa ba, da wuya ba roba ba ce. Ki ɗaga shi saitin haske ki duba saƙar, in kina hango ƙofar shago tar ta cikinsa, ajiye. Wanda ba ya ƙarya shi ne gwajin wuta: ki zaro 'yan zare daga cikin ɗinki, ki fita waje ki kyasta ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa ta watse. Roba narkewa take yi, ta tattare ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, da warin leda. In kika ga toka da ƙwallon a tare, gauraye ne. Mai launi kuma ki jiƙa farin hankici ki goga a kusurwa, in ya ɗauko launi to zai zuba, ranar wankin farko sai ya ɓata miki sauran kaya.

Lambobin nan da ake bugawa manya a jikin kwali, 1000, 1500, har 1800, su ma kada su ruɗe ki. Asalinsu ƙidayar zaren da ke cikin inci ɗaya murabba'i ne, na tsaye da na kwance. Auduga mai kyau tsakanin 200 da 400 ta wadatar. Masu kai lambar sama sukan murɗe siraran zare biyu ko uku wuri ɗaya su ƙirga kowane daban, wani lokacin ma a jikin roba zalla ake buga lambar. Haka batun "audugar Masar". Gaskiya ne Masar tana noma auduga mai dogon zare da ta yi suna a duniya, amma ba duk abin da aka liƙa wa sunan ba ne ita. A shekarar 2016 babban kantin Target na Amurka ya yanke hulɗa da kamfanin Welspun na Indiya bayan ya gano zannuwan gadon da ake kawo masa da sunan audugar Masar ba ita ba ce. In an yi wa kanti irin wannan haka, ina ga ke da ni a bakin rumfa? Hannunki da ashana sun fi kwali gaskiya.

Ki kuma auna katifar kafin ki fita, faɗi da tsawo da kauri. Gadon ƙafa shida da shida mai katifa inci goma sha biyu ba zai rufu da zanin da aka yanka daidai-wa-daida ba, ga shi auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. A bar rarar da za a cusa ƙarƙashi ta kowane gefe.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, mu da audugar nan gadonmu ce. Kakanninmu da gwado da luru suka rufa, saƙar hannu, zaren da mata suka kaɗa da mazari a tsakar gida. Funtuwa da Malumfashi da Gusau da auduga aka san su. Masaƙar Kaduna ta fara aiki tun 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya har Kakuri ta cika da ma'aikata, Kano ma ga Bompai ga Sharaɗa ga Challawa. Zuwa shekarun 2000 yawancinsu sun rufe, kayan waje masu araha suka cika kasuwa. Yau jikar masu kaɗi ce take ganin auduga ta kira ta kayan asibiti. Asibitin ma ai ba wauta ta sa ake shimfiɗa irinsa ba, yana jure wankin ruwan zafi, kuma bayan mara lafiya yana bukatar abin da zai sha gumi.

Iyaye mata, don Allah in za ku yi wa 'ya'yanku sayayya, ku tuna da bayansu. Ba wanda zai zo ƙarfe biyun dare ya taya su fifita.

Tun da ma an zo nan, bari in faɗi wata da ta daɗe tana cina. Ledar da katifa ke zuwa da ita daga kamfani, ku cire ta! Sai ka shiga ɗaki aure ya shekara, har an yi suna, katifa tana nan cikin ledarta wai kada ta tsufa, mutum yana motsi tana ƙara, zanin gado yana zamewa ƙasa. Danshi ne ke taruwa a ciki, ki buɗe wata rana ki tarar soso ya yi baƙi-baƙi yana wari. In fitsarin yara kike tsoro, ki sa 'yar shimfiɗar roba a gefen da yaron ke kwana kawai, sauran ki bar shi ya sha iska, kuma lokaci-lokaci a fito da katifar da filo su sha rana a tsakar gida.